Motar lantarki a Kaduna: ta 'yan cikin gari ce ko ta 'yan bayan gari?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana ina so mu baje ta. Duk lokacin da aka zo tallar motar lantarki, tsakiyar birni ake nuna mana: dogayen benaye, cunkoso, mota na wucewa shiru ba hayaƙi. Ni kuwa a ganina, a nan Kaduna mutumin Tudun Wada ko Unguwar Shanu shi ne na ƙarshen da zai iya riƙe ta. Wanda zai more ta shi ne wanda ya fita gefen gari ya yi gini, irin su Millennium City da Rigachikun da bayan Mando. Yana da get, yana da fili, yana da rufin da zai jera sola, kuma shi ne mai doguwar tafiya kullum, wato shi ne fetur ya fi ci wa aljihu tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Ko akwai mai ja?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ni ina ja, amma ba ta inda kake zato ba. Ku fara samo wutar da za ta tayar da fanka, sannan mu yi maganar mota.

Maman Sadiq: Kawu kun riga ni. Mu a gidanmu na Unguwar Sanusi ɗaki takwas ne a kan mita ɗaya. Dutsen guga aka jona sai an yi shari'a, hita kuwa sai dai a ɓoye ta a ƙarƙashin gado. A ce wani ya jawo waya ta tsakar gida ya ratsa zaure ya jona mota? Ranar mai unguwa ba zai yi barci ba.

Injiniya: Bari in sa lissafi a tsakani, don maganar Baban Ilham tana da ƙafa. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, yunit ɗin nan dai da kuke saya a mita. Mu ɗauki 18, saboda akwai wadda ke zubewa wajen caji. Wuta mafi tsada ita ce ta layin Band A, wato layin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a yini, wadda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, daga baya ta dawo wajen naira 210. Ke nan kilomita 100 ba ta kai naira 4,000 ba. Corolla a cikin gari tana shan lita 9 zuwa 10 a wannan tafiyar. A ƙaddara lita naira 900, kun ga an haura 8,000. Ragin ya kai rabi, a wuta mafi tsada ma ke nan.

To amma ragin a kan tafiya yake, ba a kan wata ba. Wanda ke yin kilomita 50 kullum, zuwa da dawowa da kai yara makaranta, zai iya tsira da wajen naira 60,000 a wata. Wanda gidansa ke Tudun Nupawa shagonsa ke Kasuwar Bacci, da ƙyar ya yi kilomita 10, abin da zai rage bai wuce dubu goma sha wani abu ba. Wannan kafin ya mayar da bambancin kuɗin sayen motar, jikokinsa sun yi aure. Saboda haka ta fuskar aljihu, na gefen gari ne ke da riba.

Kawu Direba: Injiniya, lissafin takarda daban, na kan hanya daban. Wane ne a Rigachikun yake samun wutar awa 20?

Injiniya: Gaskiyarku Kawu, nan ne gizo ke saƙar. A Turai da Amurka mutumin bayan gari yana da gareji kuma yana da wuta, shi ya sa a Amurka kusan kashi 80 cikin 100 na caji a gida ake yin sa. Mu kuwa abin ya rabu biyu: mai fili ba shi da wuta, mai ɗan damar wuta ba shi da fili. Sababbin unguwanni da yawa mutane ne suka yi karo-karo suka sayi fal-fal da waya, wani lokaci har taransifoma. Layukan da aka fi kula da su sun fi yawa inda asibitoci da ofisoshi da masana'antu suke.

Sai dai motar ba ta buƙatar awa 20. Soket na gida mai kyau yana ba da wajen yunit biyu da ɗan ɗoriya a awa. Awa takwas ta ba ka kilomita 100. Mai kilomita 50 a yini awa huɗu ta ishe shi, in dai wutar mai ƙarfi ce, ba irin wadda ƙwan fitila ke ja kamar garwashi ba.

Ɗan Panteka: Ni tambayata ɗaya Oga. In babu wuta sai a tayar da janareta a yi mata caji ko? Ai ka ga mun huta da layin gidan mai.

Injiniya: Da me za ka tayar da janaretan, da ruwan rijiya? Ƙaramin janareta in ya yi ƙoƙari ya ba ka yunit biyu a lita ɗaya. Yunit 18 lita tara ke nan. Ka ƙona man da Corolla za ta sha, ka ƙara da ƙara da hayaƙi a tsakar gidanka, ga kuɗin mota mai tsada a kai. Wanda zai dogara da janareta ya bar ta kawai.

Hajiya ta Barnawa: To sola fa? Mu yanzu gidan gaba ɗaya a kanta yake, firji da famfon rijiya duka.

Injiniya: Hajiya, sola tana yi, amma da sharaɗi. Fanel biyar masu wat 550, a ranar Kaduna, za su iya tara abin da zai kai mota kilomita 50 a yini, in ana share musu ƙura, musamman lokacin hunturu. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan rufinku, motar tana wajen aiki. Kafin ta dawo rana ta faɗi. Dole ke nan a tara wutar a batirin gida sannan a juye wa mota da dare, kuma batirin gidan da yawancin mutane ke sakawa yunit biyar ne ko goma, wanda tuni firji da fanka suke jiran sa. Sai an ƙara wani, kuɗi ya sake hawa. Wanda abin ya fi yi wa daidai shi ne mai motar da ke wuni a gida: ta kai yara da safe, ta dawo ta sha rana, ta fita da la'asar.

Hajiya ta Barnawa: Wato motata kake nufi, ba ta Alhaji ba. Bari ya dawo in karanta masa wannan.

Yaya na Ingila: Ina biye da ku. Abin da Baban Ilham ya faɗa shi muke gani a nan. Wajen kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar nan ba su da inda za su shigar da mota, a bakin titi take kwana, a Landan kuwa abin ya fi haka. Wanda ke da fili a gaban gida yana caji da dare a farashi mai sauƙi, harajin da ke kan wutar gida kashi 5 ne. Wanda zai je cajin titi harajinsa kashi 20, ga ribar mai injin a kai. Sai ya zama mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a bene shi ke biyan mafi tsada. Sun dai yi dabaru: an maƙala wuraren caji a jikin turakun fitilun titi, wasu ƙananan hukumomi kuma sun yarda a yanka ɗan siririn rami a dandamalin masu tafiya a ƙasa, a binne wayar daga gida zuwa mota don kada ta harɗe mutane.

Ɗan Panteka: Yaya, a maƙala waya mai jan ƙarfe a jikin fitilar titi a bar ta ta kwana? Kafin asuba an auna ta a sikeli.

Malam Lakcara: Ku yi haƙuri, ni ban yarda cewa cunkoso ne ke hana motar lantarki ba. Ku dubi Sin. Ai manyan biranenta masu cunkoso su suka ja gaba, ba ƙauyuka ba, kuma yawancin mutanen can a benaye suke zaune, ba mai gareji nasa na kansa. A Shanghai lambar motar fetur gwanjonta ake yi, takan kai wajen yuan 90,000, ta lantarki kuwa aka ce kyauta. A Beijing lambar motar fetur sai an jefa ƙuri'a, mutum ya shekara da shekaru bai samu ba. Sannan suka cika gari da wuraren caji, har fiye da rabin wuraren cajin jama'a na duniya suna ƙasarsu. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a can masu caji ne. Saboda haka tsari ne. Inda hukuma ta so, cikin gari ya fi bayan gari sauƙi ma, domin inji ɗaya zai yi wa mutum ɗari aiki. A gefen gari kowa sai ya sayi nasa.

Kuma akwai abin da Injiniya ya tsallake. Motar lantarki a cunkoso ta fi nuna kanta. In ta tsaya ba ta cin komai sai na'urar sanyaya ciki, in ka taka birki kuma tana mayar da wani abu cikin batir. Motar fetur kuwa a gosulon Kasuwa ko na Kawo tana tsaye tana shan mai. A babbar hanya da gudu ne batir ke saurin zubewa. Ga hayaƙi: wa ke shaƙar sa? Mai tireda a bakin Ahmadu Bello Way da yaran da ke tsallaka titi, ba mai gida a Millennium City ba.

Baban Ilham: Malam, ai ka ƙara min hujja ne. Inda aka fi buƙatarta shi ne inda ba za a iya ajiye ta ba. Kuma Sin da ka kawo, wutarsu ba ta ɗaukewa.

Malam Lakcara: To Habasha fa? Ba Turai ba ce. A 2024 suka hana shigo da motocin gida masu fetur da dizal.

Injiniya: Habasha madatsar ruwa suka gina a kan Nilu mai megawat sama da 5,000, kusan abin da duk Najeriya ke rabawa a rana mai kyau. Su mai suke saye da dala, wuta kuma tasu ce mai araha, dole lissafinsu ya bi ta can. Haka Nowe, inda kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin 2024 na lantarki ne zalla: wutarsu ta ruwa ce, mutanensu ba su kai miliyan shida ba, kuma sun shekara da shekaru suna yafe wa motar haraji.

Malam, ka ce inji ɗaya zai yi wa mutum ɗari aiki. Injin da ke kusan cika mota cikin minti arba'in yana jan kilowat 50 zuwa 60 shi kaɗai. Taransifomar unguwa sau da yawa abin da take ɗauka bai wuce kilowat 300 ko 500 ba, kuma ta riga ta yi lodin da ya fi ƙarfinta, shi ya sa ake rabon wuta layi-layi. Ko ƙaramin akwatin cajin da ake kafewa a bango kilowat 7 yake ja. Mota ashirin su jona bayan isha'i, rabin taransifoma mai 300 ya tafi. A Badarawa ko Hayin Banki wannan ba caji ba ne, gobara ce.

Kawu Direba: Ku tuna da watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando. Fiye da mako guda Arewa na cikin duhu. Waya ma sai an bi layi a shagon mai caji. Da a ce motocin gari duk na lantarki ne, da jaki ya yi tsada.

Yaya na Ingila: Kawu, Allah ya ƙara lafiya, amma akwai ɗaya gefen. Batirin motar yunit 50 ne ko 60, wato ya ninka batirin sola na gida sau biyar zuwa goma. Wasu daga ciki, irin na BYD da Hyundai Ioniq 5, ana iya jona musu kayan gida kai tsaye. Wanda ke da sola a rufi da irin wannan mota a wancan makon, shi ne mai fanka da ruwan sanyi a unguwa.

Kawu Direba: Mai sola a rufi. Kun ga mun koma gidan mai kuɗi na bayan gari.

Mai Keke na Rigasa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ni dai na ga kowa maganar motar gida yake yi. A layinmu gida nawa ne ke da mota? Abin da ke ɗaukar mutanen Rigasa zuwa Bakin Ruwa da Kasuwa keke ne da babur da ƙananan bas. Mu ne muke wuni a kan titi daga asuba zuwa dare, mu ne muke zuba mai kullum, kafin in haɗa balas ɗin mai keke sai na fara cire kuɗin mai, abin da ya rage shi ne cefane. In lissafin Injiniya gaskiya ne cewa riba a kan yawan tafiya take, to ai ba wanda ya kai mu tafiya. Me ya sa ba a fara da mu ba?

Injiniya: Ƙanena, duk zauren nan kai ka fi kusa da gaskiya. Inda abin ya kama a ƙasashe irin namu, ta kanku ya fara. A Indiya fiye da rabin kekuna masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu na lantarki ne. A Kigali ta Ruwanda, daga Janairun 2025 an daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista. Birnin Shenzhen na Sin ma da ake yabo, da bas ta fara: kafin ƙarshen 2017 bas ɗinta sama da 16,000 duk sun koma lantarki, sannan tasi suka biyo. Dalili kuwa a fili yake. Bas tana da tashar da take kwana, hanyarta sananniya ce, waje ɗaya za a kai wa wuta mai ƙarfi. Babur kuma batirinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mota ba, ana ɗaga shi da hannu. Sai aka yi shagunan musanya: ka zo da wanda ya ƙare, a ba ka cikakke, ka biya kuɗin wuta ka wuce, minti biyu zuwa uku. Ba ka buƙatar get, ba ka buƙatar mita, ba ruwanka da mai gidan haya. Shagon ne zai nemi layi mai kyau ya haɗa da sola, kuma yana cajin batiran da rana tsaka lokacin da rana ke da ƙarfi.

Mai Keke na Rigasa: Abin da nake tsoro Oga shi ne in batirin ba nawa ba ne, ranar da kamfanin ya ƙara kuɗi ko ya rufe shago, kekena ya zama kwandon kaji. Fetur ko ba komai ana samun sa a galan a bakin titi.

Malam Lakcara: Wannan tsoron yana kan hanya. Maganinsa kada a bar kowane kamfani ya zo da nasa kalar batir. In girman ɗaya ne, bakin jonawa ɗaya ne, ka bar wannan shago ka koma wancan. Wannan aikin hukuma ne tun kafin kekunan su yi yawa, don in sun yi yawa ba mai iya gyarawa. Kuma ba sai mun tafi Indiya ba. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari.

Ɗan Panteka: Yawwa, yanzu aka zo wajena. In cire inji ne a ɗaura wani, mu a Panteka ba abin da ba mu ƙerawa. Amma ku ji gaskiya daga bakin mai gyara. Motar nan ba juye, ba fulogi, ba salansa, ba bel ɗin inji. Rabin abincinmu ke nan ya tafi. Abin da ya rage ƙafa ce da birki da taya da na'urar sanyi, kuma tana da nauyi, ramukan unguwa za su ci mata ƙafa da wuri. Na biyu, manyan wayoyin nan masu ruwan lemo wutar da ke cikinsu ta kai bolt 400. Yaron da ya saba ɗanɗana waya da sukundireba ya ga ko ta yi tartsatsi, in ya yi haka a nan sai dai a yi masa sutura. Kafin a kawo motoci a fara koya mana.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Mu ba sabuwar mota muke saye ba, 'yar Kwatano muke jira. Injin da ya tsufa ina iya sauke shi in yi masa ringi ya ƙara shekara biyar. Batirin da ya tsufa fa?

Yaya na Ingila: Yawancin kamfanoni suna ba batir garantin shekara takwas ko kilomita 160,000. Wato daidai lokacin da motar za ta iso hannunmu garantin ya ƙare. Kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta ƙorafin batirinsu na raguwa da wuri saboda zafi. Ku auna da watan Maris da Afrilu a Kaduna. Na yanzu sun fi, musamman masu sanyaya batir da ruwa da kuma irin batirin da Sin ta fi yi, wanda ya fi jure zafi da yawan caji. Duk wanda zai sayi ta hannu, kada ya tsaya kallon fenti, ya sa a jona kwamfuta a ga kashi nawa ya rage na lafiyar batirin.

Kawu Direba: Mu da muka ga lokacin da Fijo 504 ke fitowa daga Kakuri fil a leda, tun daga 1975, abin da ya sa ta zauna a Arewa shi ne duk garin da ta mutu akwai mai gyaranta da kayanta. Ba kyau ne ya riƙe ta ba. Sannan ni direban doguwar hanya ne. Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 190. Motar da aka rubuta mata 300, ka kunna sanyi ka taka ta, ka tarar da an tare hanya ana aiki, me zai rage? Waccan hanyar ba inda mutum zai so ya tsaya da magariba yana neman soket ba ne.

Malam Lakcara: Kawu, ga irin tafiyarku akwai mai haɗa biyun, batir da ƙaramin injin fetur. Kuma ɗan Arewa na da hannu a tarihinta: Jelani Aliyu ɗan Sakkwato shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007. Tana yin wajen kilomita 55 da batir, in ya ƙare inji ya karɓa. Shi ne kuma daga baya ya shugabanci NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, lokacin da aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, aka kuma kafa wurin caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Ga mutumin Rigachikun, irin Volt ɗin nan ta fi dacewa da halin da muke ciki: zirga-zirgar gari da wuta, tafiyar Zariya ko Kano da mai.

Ɗan Panteka: Ita ce kuma mai ciwo biyu, na inji da na batir. Amma ni ba na ƙi, aiki ne.

Maman Sadiq: Ku dakata, akwai abin da duk kuka manta, wataƙila don yawancinku a gidajen kanku kuke. Kuna ta cewa mu 'yan cikin gari ba mu da inda mota za ta kwana. Ai motocinmu ba a lungu suke kwana ba, lungun ma ba ya shigar mota. Baban Sadiq a wani fili mai katanga yake ajiye tasa, da maigadi, ana biya duk wata. Wasu a gidan mai suke ajiyewa, wasu a harabar makaranta. Motoci talatin, arba'in a waje ɗaya, daga isha'i har bayan asuba, ba mai taɓa su. To in wurin caji ake nema a cikin gari, ba ga shi nan ba? Ga katanga, ga mai tsaro, ga mai karɓar kuɗi tun asali.

Baban Ilham: Anti, wannan kam ban hango ta ba daga inda nake zaune.

Injiniya: Maman Sadiq ta kawo abin da ya fi cajin gaggawa dacewa da mu. Mota mai kwana awa tara ba ta buƙatar babban inji. Soket masu ƙarfi a jere, kowanne da ƙaramar mitarsa, a riƙa ba su wuta bi da bi cikin dare. Mota goma a lokaci guda ba su fi kilowat 25 ba. Sharaɗin dai filin ya kasance kusa da layi mai kyau, kuma gara ya sami taransifomarsa daban don kada unguwa ta ce shi ke kashe musu wuta. Na rana kuma shi ne wajen aiki: filin ajiye motoci na sakatariya, na makarantu, na kasuwa. A yi rumfa da fanel, mota ta sami inuwa ta sami caji, ba a bi ta batirin gida ba. Wannan ya fi araha a kan kowane gida ya sayi nasa.

Hajiya ta Barnawa: To wa zai zuba kuɗin? Mai fili ba zai sayi taransifoma don motocin da babu su ba, mutane kuma ba za su sayi mota don cajin da babu shi ba.

Mai Keke na Rigasa: Hajiya, mu muna nan ai. Kekuna ma a irin filayen nan suke kwana, sun ma fi motoci yawa. In masu sayen keke suna ba da haya suka zuba ashirin masu batir a fili ɗaya, mai fili ya san kullum dare yana da ciniki. Mai motar gida ya zo daga baya ya tarar da soket.

Malam Lakcara: In dai ƙungiyarku za ta yarda. Da yawa daga masu faɗa a ji a harkar suna da hannu a sayar da kayan gyara da baƙin mai.

Mai Keke na Rigasa: Wannan kuma sai a zaure na gaba Malam, akwai 'yan ƙungiya a nan ciki.

Kawu Direba: Ni har yanzu ban sauka daga kan maganata ba, wuta tukuna. Amma Injiniya, filin da yaran unguwarmu ke ajiye kekuna yana bayan wani asibiti ne, kuma na lura can ba a cika ɗaukewa ba. Ta yaya mutum zai san ko layinsu ɗaya?

Injiniya: Kawu, ku sa mai filin ya duba takardar kuɗin wutarsa ko rasit ɗin da yake samu in ya sayi yunit. Ku duba naira nawa ake sayar masa da yunit ɗaya. In ya haura 200, yana kan layin Band A. Ku turo min hoton da kuma lambar da ke jikin taransifomar da ke kusa, zan faɗa muku keke nawa za ta iya ɗauka a dare ɗaya.

Ɗan Panteka: In za a je dubawa a kira ni. Rumfar da akwatunan soket ɗin mu za mu ƙera, kada a je a yo odarsu daga waje.